Takabar Kellu ta Likita

A Magariya, a shekarun da suka biyo bayan babban yaƙin Turawa, in ka ce Kellu sai an tambaye ka wacce, don suna da yawa a garin. Amma in ka ce Kellu ta likita, kowa ya san wadda kake nufi: wata doguwar mace mai tsagar Barebari a kumatu, wadda hannuwanta kullum suke warin sabuni da magani.

Ƴar Waca ce. Ubanta falken kanwa ne, ya rasu tana ƙarama, ya bar ta da uwarta, Inna Tamu, da ƙanenta Habu. Ta yi aure a Waca kamar kowace mace, ta daɗe a ɗakin ba haihuwa, auren ya mutu ba faɗa ba zagi. Jinya ce ta kawo ta Magariya. Wata goggonta ta ƙone a ƙafa, ƙunar ta zama gyambo, aka ɗora tsohuwar a jaki aka nufi likita da ita, aka haɗa ta da Kellu saboda ita ce ba ta da miji ba ta da goyo.

Likitar, wato asibitin garin, a wancan zamani ɗakuna uku ne na ƙasa, da wata doguwar rumfa a gaba inda marasa lafiya suke jira. Lokotoro, wato dokta Bature, yakan leƙo daga Damagaram jefi-jefi. Wanda yake riƙe da wurin kullum shi ne Majo Saminu, babban mai ba da magani, wani siririn mutum mai magana a hankali. Majo ya lura duk ranar da ya kwance ƙafar tsohuwar, matan da ke kusa sukan toshe hanci su ja baya, Kellu kuwa sai ta matso ta riƙe masa kwano. Ranar da aka sallame su ya tambaye ta ko tana son aiki. Goggo ta koma Waca, Kellu ta zauna.

Ita ke wanke tsummokaran ɗaure ciwo, ita ke tafasa allurai, ita ke shara, ita ke danne yara in za a yi musu allura. Amma babban amfaninta wajen mata ne. Matar ƙauye ba ta yarda namiji ya buɗe mata zane ko da ciwon zai kashe ta. Sai Kellu ta shiga da ita bayan labule, ta duba, ta fito ta gaya wa Majo abin da ta gani.

Da farko ƴar yini ce: ranar da ta yi aiki a biya ta, ranar da aka rufe likita babu. Bayan wasu shekaru Majo ya yi mata magana a biro, wato ofishin gwamnati, aka mai da ta cikin ƴan wata, aka kuma ba ta wani ƙaramin ɗaki a bayan likita. Ya gaya mata in ta ci gaba haka ba tare da ta yanke ba, wata rana za a sa sunanta cikin tabbatattun ma'aikata, waɗanda albashinsu ke ƙaruwa da shekaru, in sun tsufa kuma a riƙa ba su wani abu har su mutu.

Duk ƙarshen wata Habu yakan taho daga Waca, ya kwana, ya karɓi na hatsin Inna da na goronta, ya bar mata labarin gida: wa ya haihu, wa ya yi aure, rijiyar wa ta rufta. Da wannan zuwan nasa ta san komai na Waca ba tare da ta taka garin ba.

Hambali kuwa kurkunu ne ya kawo shi. Mai takarkari ne, da kaka yana ɗauko gyaɗa daga ƙauyuka zuwa ma'aunan kamfanoni, sauran lokaci ya yi dakon itace. Danginsa Fulanin zaune ne, masu noma da kiwo, a wani ɗan ƙauye gabas da Dungas. Kurkunu ba a fizge shi. A tsinke ake naɗe shi, kullum kaɗan, har ya fita. Kellu ce ke naɗe masa. Mutum ne da ba ya son magana, amma zaman ya yi tsawo, dole aka saba. Kafin ƙafar ta warke ta san sunayen shanun gidansu duka, shi kuma ya san ba ta son tuwon dawa.

Da suka yi aure shi ne ya dawo ɗakinta, don ba shi da gida a Magariya. Gari ya ɗauka. Ƴan dako suka riƙa tsokanarsa, wai an taɓa ganin namiji ya tare a ɗakin mace? Bai taɓa tanka musu ba. Ya ɗaure takarkarinsa a gindin tsamiyar da ke bayan likita ya ci gaba da harkarsa. Abu guda ne bai iya jurewa ba, warin magani a hannunta. Kafin su ci abinci yakan lakato man shanu ya murza mata a tafin hannu da kansa. Ba su samu haihuwa ba, bai kuma taɓa ɗaga maganar ba. Duk shekara in lokacin lanho ya yi, wato harajin kai, Kellu takan ba shi wani abu ya kai wa Baffa Wakili, ƙanen ubansa kuma babban gidansu, ta haɗa da kanwar shanu.

Wata bazara sanƙarau ya shigo ƙasar. Rumfar likita ta cika, aka shimfiɗa mutane har gindin itatuwa. Kellu ba ta zama, ba ta cin abincin kirki. Hambali ya dawo daga daji da rana ya ce wuyansa ya riƙe. Ta taɓa shi ta ji abin da take ji a jikin sauran. Aka shimfiɗa masa tabarma cikin jama'a, don ciwon ba na ɓoyewa a ɗaki ba ne. Bai daɗe ba. Tana durƙushe ta tallafi kan wata yarinya ana ɗura mata ruwa, Majo ya zo ya tsaya a kanta, ya ce ta ba wata ta riƙe.

Washegarin jana'iza, bayan Baffa Wakili da mutanensa sun iso daga Dungas, Majo ya zo ƙofar ɗakinta. Ya tsuguna a waje, tana ciki bayan asabari. Ya yi ta'aziyya, ya yi addu'a, sannan bai tashi ba, har ta gane akwai wata magana.

"Kellu, na je biro jiya. Dokarsu kwana uku ta ba wanda aka yi wa rasuwa."

"Majo, ai takaba zan shiga."

"Na sani. Na gaya wa Baturen biro wata huɗu da kwana goma ne. Ya sa na maimaita, ya ɗauka ban iya faɗin lissafin da yarensu ba. Ya ce bai taɓa jin haka ba, ba ta cikin dokarsu."

"To, kora ta za su yi?"

"A'a. Akwai hanya ɗaya. Suna ce mata konje maras biya. Ki tafi, sunanki yana nan, ba a kore ki ba. Amma tun daga ranar da kika tafi har ki dawo ba ki da ko tamma."

Ta tuna da hatsin Inna. Sannan ta ce, "In dai ba kora ba ce, na yarda."

"Tsaya, ban gama ba. Aikin ba zai jira ba, kin ga yadda rumfa take. Dole a ɗauki wata. Ɗakin nan kuma na mai aiki ne." Ya gyara murya. "Kellu, ni ba malami ba ne, amma na ji wasu malamai sun ce mai takaba tana iya fita da rana don neman abincinta, ta dawo ta kwana a ɗakinta. In kin yi haka ba abin da zai taɓu."

"In fita ina taɓa mazan mutane, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba?" Muryarta ta yi ƙasa. "Majo, kana ji yana raye ma me aka riƙa ce masa saboda ni. Ba zan bari a ce ko takaba matarsa ba ta zauna masa ba."

Majo ya tashi ya tafi. Da la'asar ya aiko da takarda ta dangwala yatsa.

Aka tambayi limamin unguwa, ya ce tunda ɗakin ba na mamacin ba ne kuma za a karɓe, babu laifi ta zauna a gidan danginsa. Baffa Wakili ya ce ai matar ɗansu ce, ba za ta rasa inda za ta sa haƙarƙarinta ba. Aka ɗaura kayanta a kan takarkarin Hambali. Ta lulluɓa har fuska, ta bi bayan maza a ƙasa, suka yi gabas. A hanya suna magana tsakaninsu da Fillanci. In sun juyo gare ta sai su ce da Hausa, "Sannu, matar Hambali," ta amsa, su ci gaba.

Fadi, yayar Hambali, ita ta karɓe ta. Ta share mata wata bukka a gefen gida, kusa da danga, ta kawo mata tulu da tabarma. Ba wanda ya yi mata mugunta. Ana kawo mata fura da hantsi, tuwo da almuru. Mata sukan tsaya a bakin ƙofa su gaishe ta su wuce. Ba su san abin da za su ce mata ba. Sau biyu kawai ta taɓa zuwa gidan tun da aka yi auren, kuma a wurinsu matar bariki ce, mai cin kuɗin Nasara, wadda aka ce tana wanke gyambo da hannunta. Ita ma ba ta san hirar tatsa da ta kiwo ba, sai sunayen shanu.

Makonnin farko da sauƙi, don da mutane a gida tana jin motsinsu. Da ruwa ya sauka sai gidan ya watse. Samari suka kora shanu nesa da gonaki, manya da mata suka duƙufa shuka, daga baya noma. Tun da sassafe ake fita. Sai a bar ta ita da kaji, da wata tsohuwa kurma a ɗaya gefen gidan. Mace ce da ta saba tun fitowar rana ana kiran sunanta ta ko'ina, Kellu kawo ruwa, Kellu riƙe nan, Kellu zo ki gani. Yanzu sai ta yini ba wanda ya kira shi. Ba kitso, ba kwalli, ba fita. Ta wanke zanenta ko bai yi dauɗa ba. Ta share bukkar, ta sake sharewa. Wani lokaci takan yi magana da ƙarfi, don kawai ta ji ko muryarta tana nan.

Da wata ya mutu Fadi ta shigo ta zauna, abin da ba ta saba yi ba.

"Matar Hambali, Baffa ya ce in tambaye ki, wa zai je Magariya ya karɓo miki kuɗinki? Kada su taru a hannun mutane."

"Yaya Fadi, babu kuɗi. Sai na koma aiki."

"Sun kore ki ne?"

"Ba su kore ni ba."

"To, in ba su kore ki ba ai ke tasu ce. Makiyayi ma in ya kwanta ciwo ba a hana shi nono."

Kellu ta yi bayani iyakar iyawarta. Fadi ta saurara, ta ce to, ta tashi. Ranar kasuwar Dungas Baffa Wakili ya tari wani gardi, ɗan sandan Nasara, ya tambaye shi, gardin ya ce shi dai bai taɓa jin ma'aikacin Nasara da aka hana albashi ba, ko barci yake yi. Baffa ya dawo bai ce mata komai ba. Amma daga ranar gaisuwarsa ta gajarce. Rumbuna sun yi ƙasa, lokacin da kowa ke auna abin da zai ci ne, ga kuma baki ɗaya ya ƙaru, bakin da suke zaton yana ɓoye nasa. Furarta ta daina zuwa da nono. Ba ta taɓa sanin ko don maganar ba ne, ko don shanu sun yi nisa.

A wata na biyu sai ga Habu. Ya je Magariya aka ce masa tana Dungas, ya koma gida, ya jira noman farko ya wuce sannan ya taho. Da ta ji sallamarsa sai hawaye suka zubo mata, na farko tun ranar jana'iza. Ya zauna a bakin ƙofa, ƙafafunsa duk taɓo. Ta yi ta jero masa tambayoyi, yana amsawa a gajarce, idonsa a ƙasa. A ƙarshe ya ce hatsin Inna ya ƙare tun tuni, daga nasa ake ɗiba, nasa kuma ba zai kai kaka ba.

"Habu, ba ni da komai. Sun tsai da biyan har in koma."

"Yaya, har yaushe?"

"Sai gero ya fara kai."

Ya daɗe yana kallon danga. Ta jawo tasoshinta biyu na jan ƙarfe da wani zanen saƙi da Hambali ya sayo mata, ta tura masa ta ce ya sayar. Ya ce a'a, sannan ya ɗauka. Ta ce ya kwana, ya ce gona tana jiransa. Bai sake zuwa ba. Ba ta riƙe shi a zuciya ba. Hanyar da nisa, kuma me zai zo ɗauka? Amma a nan ta fara tambayar kanta, a duk shekarun da ya yi yana zuwa Magariya, ko akwai zuwa ɗaya da ya yi a tsakiyar wata.

Cikin tsakiyar damina naƙuda ta kama Kadi, matar wani ɗan Baffa. Da hantsi aka dawo da ita daga gona. Bukkarta ba ta da nisa da ta Kellu, tana jin komai. Rana ta take, ta karkata, ba a sauka ba. Daga nishin kaɗai Kellu ta san haihuwar ta zo da gardama. Ta tashi ta tsaya a bakin ƙofa. Da Fadi ta zo wucewa da ƙwarya ta tare ta.

"Yaya Fadi, bari in duba ta. Na saba."

Fadi ta kau da kai. "Zauna, matar Hambali. Tsofaffi sun ce mai takaba ba ta shiga ɗakin haihuwa. Ba don ke ba ne."

Ta koma ta zauna, hannuwanta a cinya. Ta wanke su ma, ba ta san ta wanke ba. Gab da la'asar ta ji kukan jariri, ta ji guɗa. An sauka lafiya, uwa da ɗa. Ta yi hamdala da gaske. Amma da ta kwanta barci ya ƙi zuwa, ta kasa gane dalili. Ranar suna aka aiko mata da nama a ƙoƙo, ta ci ita kaɗai tana jin hayaniyarsu.

Ranar da takaba ta cika aka ɗora mata ruwa ta yi wanka, Fadi ta yi mata kitso. Aka raba abin da Hambali ya bari. Takarkarin, in ji Baffa, dama na gida ne aro aka ba shi. Kellu ta tashi da tunkiya ɗaya. Baffa ya ce in tana so ta zauna, akwai Laminu, ƙanen marigayin, sai a ɗaura musu aure. Ta gode ta ce aiki yana jiranta. Ta ga yadda fuskokinsu suka saki. Fadi ta raka ta har bayan gonaki, ta danƙa mata curin man shanu a ƙoƙo, ta ce, "Ki yafe mana in mun gaza." Kellu ta ce ba komai. Ta ja tunkiyarta ta bi ayarin masu zuwa kasuwar Magariya.

Ta tarar da labule sabo a ƙofar ɗakinta. Wata matashiya ce a ciki, Uwani, wadda ta ɗan yi lekwal, wato makarantar boko, tana iya karanta sunan magani a jikin kwalba. Ta fito ta gaishe ta da ladabi, ta ce mata Yaya, ta kawo mata ruwa a cikin kwanon da Kellu ta manta ta bari.

Majo ya yi murna da ganinta, amma bai iya haɗa ido da ita ba. Ya kai ta gefen rumfa ya gaya mata yadda abin yake. Gurbin ƴar wata guda ɗaya ne, an ba Uwani. Za a karɓi Kellu, tunda ba korarriya ba ce, amma a matsayin ƴar yini, har wani gurbi ya samu. Kuma cikin damina takarda ta zo daga Damagaram a aika sunayen waɗanda suka cika shekaru a jere don a tabbatar da su.

"Na sa sunanki," in ji shi. "Suka dawo da shi. Wai mai konje maras biya ba ta cikin lissafi, kuma watannin sun yanke shekarunki. In kin dawo sabon ƙirge za a fara."

"Duk shekarun nan, Majo?"

"Suna nan a wurin Allah, Kellu. A takardarsu ne babu."

Ta tambaye shi ina tsintsiya take, ta kama shara.

Ta sayar da tunkiyar ta kama ɗaki a cikin gari, gidan wata tsohuwa mai daddawa. Abin da take samu yanzu bai kai na da ba, ga kuɗin ɗaki, ranar Lahadi da ranakun salla kuma babu biya. Ta aika Waca cewa ta dawo. Aka ce Habu ya tsallaka iyaka ya tafi cin rani wajen Kano, Inna tana hannun matarsa. Ta riƙa ba fatake ɗan abin da ya samu su kai. Labarin gida kuwa ya yanke, don falke ba ya zama hira.

Daga nan ba ta sake neman konje ba. Ko zazzaɓi take yi sai ta ɗaure kai ta zo. Da Inna Tamu ta rasu ta tafi Waca ta yi kwana ukun da doka ta ba ta, ta juyo ana tsakiyar zaman makoki, dangi suna ta magana. An daɗe kafin gurbi ya samu a mai da ta cikin ƴan wata. Lokacin an fara neman masu takardar lekwal, maganar tabbatarwa kuma ba wanda ya sake ɗaga ta.

A kan hanyarta ta zuwa likita akwai rumfar wani maɗinki, Malam Maikano, dattijo mai fara'a wanda matarsa ta rasu, ƴaƴansa suka watse. Yana da wani tari da ba ya rabuwa da shi. Kullum in ta zo wucewa sai ya tsai da kekensa ya gaishe ta. Gaisuwa ta zama tsayuwa, tsayuwa ta zama ɗan zama a bakin rumfa in ta taso da yamma. Yakan ajiye mata ɓarin goro. Shi kaɗai ne a garin yake sa ta dariya har ta rufe baki da gefen mayafi. Wata rana ya ce mata, ba kewaye-kewaye, yana son ta.

"Ni kaɗai, ke kaɗai, Kellu. Ina da gida, ba na haya. Ba zan hana ki aikinki ba."

Ta ce ya ba ta lokaci. Ta yi mako tana juya maganar, har Uwani ta lura tana waƙa wajen wanki. Ranar da ta zo ba shi amsa ta same shi tarin ya turnuƙe shi, ya dafa keke yana neman numfashi. Ta tsaya tana kallonsa da idon da ta daɗe tana kallon mutane a rumfar likita. Da ya lafa ta zauna.

"Malam Maikano, ka yi haƙuri. Ba zan iya ba."

"Wani laifi na yi?"

"Ba ka yi komai ba. Wallahi da zan yi aure kai zan aura." Ta sunkuyar da kai. "Amma in ka riga ni, dole in zauna maka. Ba zan ƙi zauna maka ba. Ni kuma ba ni da ƙarfin wata takabar."

Ya dube ta, ya so ya mai da abin wasa. "To, wa ya ce miki ni zan riga ki?"

Ba ta yi dariya ba. Shi ma ya bari. Bayan wasu watanni ya auri wata bazawara daga Waca, Kellu ce ma ta gaya masa halin gidansu da ya tambaye ta. Ta ci gaba da bi ta gaban rumfar, yana tsai da keke su gaisa, amma ba ta ƙara zama ba.

Tarin bai kashe Maikano ba. Kellu ce ta riga shi. A shekarar da ake ta maganar Nasara za su tafi, ta faɗi wajen tafasa allurai, aka kwantar da ita a ɗakin mata, Uwani ta yi jinyarta har ta cika. Mata da yawa sun zo, waɗanda ta taɓa shiga da su bayan labule. An aika wa Habu, saƙon bai same shi da wuri ba. Daga Dungas ba wanda ya ji. Da aka dawo daga maƙabarta aka rasa namiji nata da zai zauna a ƙofar gida ya karɓi gaisuwa. Sai Maikano ya rufe rumfarsa, ya ɗauko tabarmarsa ya shimfiɗa a ƙofar gidan mai daddawa. Ya zauna yana tari, duk wanda ya zo ya ce Allah ya ji ƙanta, shi ne yake amsawa.